Kalmomi 3,500: Yadda Turanci Ya Shiga Ajin Sakandare A Ƙasar Sin

Yau tafiyar tamu mai nisa ce. Ƙasar Sin muka nufa, kuma ajin 'yan sakandare za mu shiga.

Duk ranar 8 ga watan Yuni, da ƙarfe uku na yamma agogon Beijing, miliyoyin matasa sukan zauna shiru tsawon awa biyu suna amsa takardar harshen waje. Takardar ɗaya ce daga cikin takardun gaokao, babbar jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar, wadda mutum miliyan 13.42 suka yi rajistarta a 2024. An ba ɗalibi zaɓin harsuna shida, har da Rashanci da Jafananci da Faransanci, amma galibinsu Turanci suke ɗauka. A yawancin larduna takardar na ɗauke da maki 150 cikin 750, daidai da lissafi, daidai da harshen Sinanci kansa. Maki biyar ko goma kan iya shiga tsakanin ɗan manomi da jami'ar da za ta ɗaga gidansu.

To, ku duba yadda aka kasa makin a takardar ƙasa ta sabon tsari. Maki 50 na karatu da fahimta ne zalla. Maki 30 na cike gurbi a cikin rubutu ne, wanda shi ma karatu ne da sanin kalma. Saurare 30, rubutu 40, kuma 25 daga cikin 40 ɗin sai ka karanta labari ka fahimce shi kafin ka ƙarasa shi da alƙalaminka. Magana da baki kuwa, a akasarin larduna ba ta cikin lissafin. Shi ya sa da wuya ka ga ɗan babbar sakandare a Sin da ba shi da littafin jerin kalmomi 3,500 da ake haddacewa don wannan rana.

Yaya aka yi ƙasar da ba a ciniki da Turanci a kasuwanninta ta ɗora wa harshen wannan nauyi? Me ya sa kuma aka fifita ido a kan baki? Amsar tana cikin tarihin kusan shekara 200.

TURANCIN BAKIN TASHA

Daga 1757 zuwa 1842, sarakunan daular Qing sun taƙaita cinikin Turawa ta teku a tashar Guangzhou da ke kudancin ƙasar. A nan ne dillalai da tafintoci da barorin fatake suka ƙirƙiro wani Turancin ciniki, irin wanda mu muke kira buroka. Masana da yawa ma na ganin sunan da Turawa ke kiran irin wannan harshe da shi, wato "pidgin", daga yadda mutanen Guangzhou ke furta kalmar "business" ya fito.

Wajajen shekarun 1830 ana sayar da wani ɗan littafi a birnin na koyon maganar "masu jan gashi", kamar yadda ake kiran Turawan Ingila a lokacin. Kalmominsa ba su kai 400 ba, kuma babu harafin Turanci ko guda a ciki. An kawo kalmar Sinanci, an rubuta sautin takwararta ta Turanci da haruffan Sinanci, mai saye ya je ya haddace: lambobi, sunayen kaya, kalmomin tayi da sallamawa. Wannan shi ne kakan littafin kalmomi 3,500 na yau.

Sai dai a wancan zamani harshen ba shi da daraja. Ɗan mutunci yakan ƙarar da ƙuruciyarsa wajen haddace littattafan Confucius don cin jarrabawar zama ma'aikacin sarki, wadda ake kira keju. Turanci kuwa na masu neman na abinci ne a bakin ruwa.

SHARAƊI NA HAMSIN

Bindiga ce ta canza lissafin. Birtaniya ta ci Sin a yaƙin da aka yi kan cinikin ƙwayar ofiyom daga 1839 zuwa 1842, ta sake cin ta, tare da Faransa, tsakanin 1856 da 1860. A yarjejeniyar Tianjin ta 1858 akwai wani sharaɗi, na hamsin, da ya tanadi cewa jami'an Birtaniya da Turanci za su riƙa rubuto wa hukumomin Sin takardu, za a haɗa da fassarar Sinanci na ɗan lokaci kawai, kuma in aka samu saɓani tsakanin rubutun biyu, na Turancin ne abin dogaro. Ma'ana, ƙasa guda za ta riƙa sa hannu a takardun da manyanta ba sa iya karantawa.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. A 1862 Yarima Gong, ƙanin marigayi Sarki Xianfeng, ya sa aka buɗe makarantar Tongwen Guan a Beijing. Ɗalibai goma aka fara da su, malaminsu na farko wani ɗan mishan Bature mai suna John Burdon. Sai da aka haɗa da alawus na wata-wata kafin a samu masu shiga, don iyalai na ganin abin kunya ne ɗansu ya zauna gaban baƙo yana ɗaukar karatu. Da aka zo ƙara lissafi da ilimin taurari a 1867, babban malamin fada Woren ya tashi haiƙan yana adawa, yana ganin ƙarfin ƙasa a ɗabi'a da ladabi yake, ba a dabarun baƙi ba.

Ku lura da abin da gwamnati ta nema tun daga farko: mutanen da za su karanta yarjejeniya, su fassara littattafan ƙera jirgi da igwa. Ilimin baƙi take so, ba ta son ɗabi'unsu. Babban gwamna Zhang Zhidong ya fayyace wannan ra'ayi a 1898, inda ya ɗauki ilimin Sin a matsayin tushe, na Turawa kuma kayan aiki.

Labarin yara 120 ya nuna inda iyakar take. Yung Wing, Basinen farko da ya kammala jami'ar Yale a 1854, ya shawo kan fada aka tura yara maza 120 Amurka tsakanin 1872 da 1875, da niyyar su yi shekara 15. Yaran suka zauna a gidajen Amurkawa, Turanci ya zauna a bakinsu, suka shiga wasanni da tufafin can, wasu suka shiga coci, wasu suka yanke doguwar kitson da doka ta wajabta wa kowane namiji. A 1881 aka kira su gida gaba ɗaya, mafi yawansu ba su gama ba. Cikinsu akwai Zhan Tianyou, wanda daga baya ya gina layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou, aka buɗe a 1909. Hukuma ta ga amfanin karatun, ta kuma ga abin da ke biyo harshe idan ya shiga baki.

DAGA FADA ZUWA AJI

A farkon ƙarni na 20 aka kafa tsarin makarantun zamani, dokokin 1902 da 1904 suka sa harshen waje cikin darussan sakandare. A 1905 aka soke keju bayan kimanin shekara 1,300. Jarrabawar ta tafi, amma al'adar da ta haifa ta zauna: hadda, bin rubutu kalma bayan kalma, da yarda cewa zauren jarrabawa ne ƙofar ɗaukaka.

Kamfanin ɗab'i na Commercial Press da ke Shanghai ya riga ya hango kasuwa. A 1898 ya ɗauko wani littafin koyon Turanci da Turawa suka shirya wa yaran Indiya, ya sa masa fassarar Sinanci, littafin ya yi kasuwa ƙwarai. A 1922 aka koma tsarin Amurka na shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Jami'o'in mishan irin su St. John's a Shanghai da Yenching a Beijing suna yaye masu Turanci kamar a bakinsu aka yanke shi, kuma marubuci Lin Yutang ya fitar da littattafan karatu na Kaiming a ƙarshen shekarun 1920. Amma duk wannan rabon 'ya'yan birni ne masu hali. Galibin mutanen ƙasar ko Sinancin ba sa iya karantawa.

LOKACIN DA RASHANCI YA KARƁE AJI

Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949, Turanci ya koma harshen abokan gaba, musamman bayan da sojojin Sin suka gwabza da na Amurka a Koriya. Tarayyar Sobiyet ce babbar ƙawa, Rashanci ya zama harshen gaba. Malaman Turanci da yawa aka mayar da su aji suka koyi Rashanci cikin gaggawa don su koyar. A 1954 ma'aikatar ilimi ta cire darasin harshen waje daga ƙaramar sakandare baki ɗaya, sai bayan 'yan shekaru aka dawo da shi.

Zumuncin bai daɗe ba. A 1960 Moscow ta janye ƙwararrunta, kuma a 1964 gwamnati ta fitar da shirin shekara bakwai na koyar da harsunan waje, wanda ya ayyana Turanci a matsayin harshen waje na farko a makarantu. Shekara guda kafin nan, a 1963, littafin Farfesa Xu Guozhang ya fito, wanda masu koyo suka riƙe har shekaru talatin.

A wannan zango ne salon da Sinawa ke kira jingdu, karatun ƙwaƙwaf, ya kafu. Malami zai ɗauko ɗan gajeren rubutu, ya bi shi jimla-jimla, ya warware nahawun kowace, ya ba da ma'anar kowace sabuwar kalma da Sinanci, ɗalibi ya rubuta ya je ya haddace. Salon ya dace da yadda Rashawa ke koyar da harshe, ya dace da tsohuwar hanyar karatun Sin, ya kuma dace da halin da ake ciki: aji cike, malamin da kansa bai taɓa hira da Bature ba, ƙasa a rufe.

Sai Juyin Al'adu ya ɓarke a 1966. Aka rufe makarantu, aka dakatar da gaokao. Malaman Turanci da dama sun sha tsangwama da zargin bauta wa baƙi ko leƙen asiri. Da aka koma aji, littattafan Turanci sun cika da taken siyasa da aka fassara daga Sinanci. Ɗan sauƙi ya samu bayan Beijing ta karɓi kujerar Sin a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1971 da ziyarar Shugaba Nixon a watan Fabrairun 1972. A shekarar ne gidajen rediyon Shanghai da Beijing suka fara darussan Turanci.

MAKIN DA YA RIƘA HAWA

A watan Disambar 1977, bisa umarnin Deng Xiaoping, aka dawo da gaokao. Mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki kimanin 273,000. Da yake mafi yawansu ba su taɓa samun darasin Turanci na kirki ba, da farko makin harshen waje ba ya shiga jimilla sai ga masu neman karanta harsuna. Daga nan aka riƙa hawa tsani: kashi 10 cikin 100 na makin a 1979, kashi 30 a 1980, kashi 50 a 1981, kashi 70 a 1982, sai cikakke a 1983. Cikin shekara biyar, darasin da aka taɓa dukan malamansa ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan shiga jami'a.

In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A farkon 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna Follow Me, shirin BBC na koyon Turanci, tare da Katherine Flower da Hu Wenzhong, miliyoyi suka riƙa kallo. A lambunan shaƙatawa da harabar jami'o'i aka buɗe "kusurwar Turanci", inda baƙi da baƙi ke haɗuwa su gwada bakinsu.

Amma abin da ya fi tasiri a aji ya faru ne shiru. A 1985 aka gwada sabon salon jarrabawar Turanci a lardin Guangdong, ƙarƙashin masana irin su Gui Shichun da Li Xiaoju, daga baya ya bazu ƙasa baki ɗaya. Salon ya dogara sosai da tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, waɗanda na'ura ke iya dubawa. Dalilin a fili yake. Idan kana da takardun miliyoyin mutane, kuma kowane uba na sa ido kada a cuci ɗansa, kana buƙatar abin da za a auna da mudu ɗaya. Karatu da sanin kalma suna aunuwa haka cikin arha. Magana kuwa sai an zaunar da mai saurare gaban kowane yaro, kuma kunnen wani ba na wani ba ne. Sai aka auna abin da ke aunuwa, malamai suka koyar da abin da ake aunawa.

KASUWAR HADDA

Inda buƙata take, nan 'yan kasuwa suke. Yu Minhong, ɗan manoma daga lardin Jiangsu, sau biyu yana faɗuwa gaokao, Turanci na cikin abin da ya ja shi ƙasa. A karo na uku, a 1980, ya shiga Jami'ar Peking. A 1993 ya kafa makarantar New Oriental, littafinsa na haddar kalmomi mai jan bango ya zama abokin duk mai shirin fita karatu Amurka, kuma a 2006 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York.

Sinawa da kansu sun ga giɓin, har suka raɗa masa suna "Turancin bebe": mutum ya karanta shafi guda ya gane, a gaishe shi ya daskare. Li Yang ya yi suna a shekarun 1990 da salonsa na Crazy English, inda yakan tara dubban mutane a fili su yi ta ƙwala jimlolin Turanci da ƙarfi don su kashe kunya. Hukuma ma ta motsa: littattafan ƙaramar sakandare da aka shirya tare da kamfanin Longman, waɗanda suka bazu daga 1993, sun shigo da hira ta bakin yara biyu, Li Lei da Han Meimei. A 2001, shekarar da Beijing ta samu damar karɓar gasar Olamfik ta 2008 kuma Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka umarci a fara Turanci tun daga aji uku na firamare.

RANAR ƊALIBI A YAU

A makarantu da yawa rana na farawa da karatun safe, aji gaba ɗaya na ɗaga murya ana maimaita kalmomi da jimloli kafin darasin farko. Manhajar 2017 ta ƙayyade kalmomi 3,000, amma lambar 3,500 ta tsohon tsarin jarrabawa ce ta zauna a bangon littattafai da bakin mutane. Da yake jerin na bin haruffa, kalmar farko mai nauyi da ɗalibi ke cin karo da ita ita ce "abandon", wato yin watsi da abu. Ta zama abin barkwanci a ƙasar: kowa ya san ta, don nan ake farawa da zumuɗi, nan kuma da yawa ke watsar da littafin. Manhajojin waya irin su Baicizhan da Shanbay sun ɗauki aikin, suna dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa mantawa.

Sai atisayen karatu. Rubutu huɗu, galibi an tsakuro su daga jaridu da mujallun ƙasashen waje an sauƙaƙa, da tambayoyi 15: mene ne jigon, me marubuci ke nufi, me wannan kalma ke nufi a nan. Sai wani rubutun da aka zare masa jimloli biyar, a ba ka bakwai ka mayar da waɗanda suka dace. Sai cike gurbi. Ɗalibi kan yi ɗaruruwan irin waɗannan kafin Yuni, da agogo a gabansa. A 2016 lardin Zhejiang ya shigo da tambayar ƙarasa labari, don a tilasta wa yaro ya yi aiki da kalmomin da ya tara. Akwai kuma wasiƙa: tun tsakiyar shekarun 1990 ake cewa ɗalibi ya ɗauka shi ne wani Li Hua, ya rubuta wa abokinsa na ƙasar waje.

GARDAMAR DA BA TA ƘARE BA

Masu suka na cewa shekara goma na wahala sun yi yawa ga harshen da akasarin mutane ba za su yi aiki da shi ba, kuma takardar na fifita ɗan birni mai malamin gida a kan ɗan ƙauye. A 2013 hukumomin Beijing suka fitar da daftarin rage makin Turanci daga 150 zuwa 100, amma ba a aiwatar ba. A 2014 gwamnatin tsakiya ta zaɓi wata hanyar, ta fara da Shanghai da Zhejiang: a zauna takardar sau biyu a shekara, a ɗauki mafi kyau. A watan Maris na 2021 wani ɗan majalisar ba da shawara, Xu Jin, ya nemi a cire Turanci daga manyan darussa, yana kafa hujja da na'urorin fassara. A watan Yulin shekarar aka hana darasin kuɗi na bayan makaranta ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare. New Oriental ta sallami ma'aikata kimanin 60,000, wasu malamanta suka koma tallar kayan gona kai tsaye ta intanet, suna haɗawa da koyar da kalmomin Turanci. Duk da haka maki 150 na nan inda yake.

Masu kare tsarin su ma suna da hujja mai ƙarfi. Hadda ba ta buƙatar kuɗi da yawa. Ɗan talaka mai littafi ɗaya da fitila zai iya tara kalmomi 3,500, amma ba zai iya sayen hira da Bature ba. Idan aka mayar da nauyin kan magana, ɗan mai kuɗi ne zai ƙara tsere masa. Kuma abin da Yarima Gong ya nema a 1862 ya samu: yau injiniyoyi da likitoci da masu bincike na Sin suna karanta abin da duniya ta rubuta ba tare da tafinta ba, suna kuma wallafa nasu da Turanci.

A watan Janairun 2025, lokacin da ake shirin rufe TikTok a Amurka, dubban Amurkawa suka kwarara manhajar Xiaohongshu ta Sin. Da suka ji labarin Li Hua, wasunsu suka fara rubuta masa amsa. Sinawa da dama da suka yi shekaru suna rubuta wasiƙa don maki kawai suka karanta amsoshin, suka gane su sarai, suka mayar da martani da Turancin da suka haddace a karatun safe.

Tambayar da zan bar mana ta wannan makon: a namu makarantun, wane ɓangare na harshe jarrabawa ke aunawa, wanne kuma ta bari a baya? Malaman Turanci da ke cikinmu da iyayen yara, muna jiran ra'ayoyinku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.